Ɗakin Haya Da Tsohuwa Kyauta

Ranar da aka fara tashin Yabawa daga ɗakinta, ba wanda ya ce mata tashi. Cewa aka yi za a gyara rufi.

Ɗanta Burahima ne ya shigo da hantsi, ya tsuguna a bakin rumfa, ya yi mata gaisuwa mai tsawo, irin wadda in ka ji ta ka san da magana a bayanta. Tana zaune tana saƙar tabarma, kaba na jiƙe a kwano kusa da ƙafarta.

"Inna, gara ta cinye azarar ɗakin nan. Ina tsoron damina ta same ki a ciki."

"Gara ta fi shekara ashirin tana ci, Ɗan Kasuwa, har yau ba ta ƙoshi ba. Ni da ita mun saba."

Ɗan Kasuwa take ce masa, don ranar kasuwar Gure ta haife shi, kuma shi ne ɗan fari. Sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko wani Burahiman daban za ta aika, sai dai ta ce mai sunan yaron nan.

"Kwana bakwai kawai, Inna. Ki koma ɗakin tsakiya, a gama, ki dawo abinki."

Ta koma. Aka cire azara aka sa kwano, aka yi daɓen siminti, aka shafa shuɗin fenti, har da wayar kuran, wato lantarki, da ƙwan fitila a sama. Kullum da yamma sai ta leƙa, ta dawo tana murmushi. Da ƙawarta Husseina ta zo ɗibar wuta, ta ja hannunta ta nuna mata. "Kin ga yaron nan. Ashe yana sane da ni."

Ranar da aiki ya ƙare, tana cikin ɗaure kayanta za ta koma, sai ga ƙarar moto mai ƙafa biyu a ƙofar gida. Wani dogon mutum ya yi sallama, makullai cike da hannunsa, wani saurayi mai jaka yana biye da shi. Dogon shi ne Umara, dillalin gidajen haya da ke zama a rumfar bakin tasha. Saurayin kuma Mushe Ma'azu ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Damagaram; mushe ake ce wa malaman boko a nan.

Umara yana tafe yana nuni da makulli. "Ga ɗaki, sabo fil. Ga rumfa. Ga famfo, ga makewayi can, ga inuwar bedi. Ga kuma tsohuwa, ba ta zuwa ko'ina, ko allura ka yar za ka dawo ka same ta."

Yadda ya nuna famfo haka ya nuna ta, bai ko dubi fuskarta ba.

Da suka fita ta sa aka kira mata ɗanta. Ya zo ya sake tsugunawa.

"Warin fenti ne, Inna. Da wannan tari naki, in kika kwana a ciki sai mun kwashe ki zuwa likita. Shi ya sa na ce bari mushen nan ya shaƙe shi, wata biyu ko uku. Yaro ne, ƙirjinsa da ƙarfi."

"Allah sarki. Har daga Damagaram ya zo ya shaƙe mini fenti? Ka yi masa godiya. Gadona fa?"

Gadon ƙarfe ne, mai ƙwallaye huɗu a kusurwa, wanda marigayi Malam Idirisa ya saya mata shekarar da ya gina ɗakin.

"In aka fito da shi zai kankare bango. A bar shi tukuna."

Mushe Ma'azu ya yi ta shaƙar fenti har damina ta sauka ta ɗauke, har aka yanke gero aka ɗaure, fenti bai ƙare ba.

A shekarar nan kuwa ɗakin haya ya zama zinariya a unguwar bayan tasha. Malaman lakwal, ma'aikatan likita, direbobi, kowa neman inda zai sa haƙarƙari yake da ɗan abin da ya samu. Wanda ke da turken awaki ya kori awaki ya ja bango. Burahima mai tebur ne a kasuwa, yana sayar da sabulu da magi da ashana, ba yunwa yake ji ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san ƙima.

Bayan kaka ya sake zuwa da doguwar gaisuwa.

"Inna, na lura ɗakin tsakiyar nan ya yi miki nisa da makewayi. Ga gwiwa. Na kusa da madafa ya fi miki sauƙi."

"Taki nawa ne tsakaninsu?"

"Ai a shekarunki kowane taki abin lissafi ne."

Ta koma kusa da madafa. Madam Nasira, ma'aikaciyar likita mai 'ya'ya biyu, ta shiga ɗakin tsakiya, ta ga babbar randar Yabawa a lungu ta ce ruwanta da sanyi, sai randa ta zama ta ɗaki. A sabon wurin hayaƙi ne ke tashin Yabawa da safe, shi ke raka ta da yamma. Tarin da aka tsare shi daga fenti ya samu abin da yake so.

Wata huɗu ta yi a nan. Sai aka samu wani direba da amaryarsa.

Wannan karon Burahima bai zo da gaisuwa kawai ba, da sabuwar kalma ya zo. Ya kai ta ƙarshen gida, inda ake ajiye dusa da galma da tsofaffin buhuna. An share wurin, an shafa farar ƙasa, an rataya labule.

"Babban ɗaki wahala ne, Inna, ga shara ga sanyi. Wannan shi ake yayi yanzu, har manyan ma'aikata a Yamai irinsa suke kamawa. Antire-kushe ake ce masa."

"Kushe me?"

"Antire-kushe. Faransanci ne. Wato ka shiga, ka kwanta."

Yabawa ta leƙa ciki. Ba taga. Ta dubi tsawon, ta dubi faɗin. Mai saƙar tabarma ba ta bukatar igiya, idonta ya gaya mata kamu uku da rabi ne.

"To, ashe Nasara ma sun san kushewa. Mu ma haka take a wurinmu, ka shiga, ka kwanta."

"Haba Inna, wace irin magana ce wannan."

"Sai dai ita kushewa, na ji ana auna mai ita da kara kafin a haƙa. Wannan ba wanda ya auna ni."

Ya yi dariya, irin ta wanda yake so magana ta wuce. Ta wuce ɗin. Tabarmar da ta saƙa da hannunta ta ƙi shimfiɗuwa a ɗakin, sai da aka naɗe bakinta ya hau bango. Kwallayenta na aure ba su samu wuri ba, aka jera su a ɗakin Hamsatu, matar Burahima, wai ajiya. Tun daga ranar Yabawa ba ta ƙara kwana da ƙafa a miƙe ba. Da safe sai ta dafa bango, ta lallashi gwiwoyinta ɗaya bayan ɗaya kamar masu fushi da juna.

Hamsatu takan kawo mata fura da nono mai yawa, ta ajiye, ta tsaya tana murza bakin zani. "Ki yi haƙuri, Inna. Na yi masa magana, ya ce ba huruminmu ba ne mu mata."

"Na sani, 'yar nan. Ajiye ki tafi, tuwonki zai kama."

Abin da Umara ya faɗa a ranar farko kuwa ya zama doka. Mushe zai tafi lakwal, ya miƙa mata makulli. Madam za ta tafi aiki, ta ajiye mata yara biyu da kwanon abincinsu. Amaryar direba ta ɗora wake ta tafi kitso, ta ce Iya a duba mini. Bakin zanin Yabawa ya cika da makullai, in ta tashi sai ka ji kacau-kacau kamar akuya mai ƙararrawa. Yaran Madam suka sa mata suna Iya Gardi. Aka yi suna a gidan Husseina, ta yafa mayafi za ta tafi, Burahima ya tare ta a zaure.

"Inna, in kin fita wa zai tsare gida? Mutanen nan amana suka ba mu."

Ta cire mayafin. Aka yi rasuwa a bayan masallaci, matar da suka yi shekara arba'in suna gaisawa, sai saƙon gaisuwa ta aika.

Wata ranar Asabar tana saƙa a gindin bedi, ta ji murya ta ɗan tashi a rumfar shuɗin ɗaki. Burahima ya samu wanda zai ba da fiye da abin da mushe ke bayarwa, ya zo yana zancen wai za a sake gyaran rufi. Mushe Ma'azu bai yi gardama ba. Ya shiga ya fito da wata takarda, ya karanta masa layi biyu a hankali. Burahima ya sosa ƙeya, ya ce ai wasa yake, ya fita.

Yabawa ta bari ya yi nisa.

"Mushe, wace aya ka karanta masa haka ya tafi salin-alin?"

Ya yi dariya. "Ba aya ba ce, Iya. Takardar haya ce, da sa hannunsa da nawa. Mun rubuta ba zai tashe ni ba sai ya ba ni wa'adin wata uku."

"Ko da gara ta ci azara?"

"Ko da gara ta ci."

"Ko don gwiwarka?"

"Gwiwata lafiyarta lau, Iya."

"Allah ya ƙara mata lafiya," in ji ta, ta ci gaba da saƙa. Amma sau biyu tana kuskuren zubi tana warwarewa.

Da aka rufe lakwal, aka mayar da Mushe Ma'azu Alakos. Ya ɗaure jakarsa, ya ba ta sukari da ganyen shayi, ya tafi. Shuɗin ɗaki ya zauna a kulle. Yabawa ta ƙirga kwana uku, a na huɗu sai ga Burahima da gaisuwar da ta fi duk na baya tsawo, har da tambayar yadda ta ji da sauro.

"Inna, na yi tunani. Hayaniyar gari ba ta yi miki. Ga yara, ga hayaƙi. Kawu yana Gidigir, ga iska, ga nono, ga dangi. Na yi magana da mai mota, jibi zai biyo."

"Jibin nan da ke bayan gobe?"

"Shi."

"Kushewar tawa fa?"

Ya sunkuyar da kai. Wani mai fataucin kanwa ne ke neman inda zai jibge buhuna.

"To ga ɗakina can, mushe ya gama shaƙe fentin."

"Ai na riga na ba dillali makulli, Inna. Magana ta fita daga hannuna."

A Gure aka kawo ta tana da shekara goma sha bakwai, a Gure aka binne Malam, a nan masu sayen tabarmarta suke, a nan Husseina take. Gidigir kuwa rabonta da ita tun matar ƙanenta na da haƙora. Ba wanda ya aiko yana nemanta a can.

Washegari da hantsi ta yi wanka, ta ciro zanin da take zuwa biki da shi, ta yafa babban mayafi, ta sa kwalli. Ta kwance makullan mutane ta rataye a ƙusar bedi. Ta ɗauki ƙullin kuɗin tabarminta, ta bi ta ƙofar baya.

A rumfar bakin tasha ta sami Umara yana goge moto. Ya miƙe da fara'a.

"Hajiya, sannu da zuwa. Gida ko fili?"

"Ban je ba tukuna, ɗan nan, amma Allah ya amsa bakinka. Ɗaki nake nema, na talaka. Inda nake zaune masu gidan na son wurinsu."

Ya dube ta sama da ƙasa, bai gane ta ba. Wa ke riƙe fuskar famfo?

"An gama. Hau mu tafi."

"Abin da ban hau da ƙuruciya ba, ba zan hau shi da furfura ba. Mu taka."

Haka suka bi unguwa, ita a gaba tana ɗingishi, shi a baya yana tura moto cikin rairayi, gumi na zuba.

Gidan farko na wani Alhaji ne mai shago, ɗakuna shida a jere kamar haƙoran mataji. Ya saurare su yana danna waya. "Albashinta a ina yake fita?"

"A kaba," in ji Yabawa.

"Wace ma'aikata ce Kaba?"

"Ta Allah ce, Alhaji. Ba ta taɓa yajin aiki ba."

Ya ce shi ma'aikatan gwamnati kaɗai yake ba wa, don su ne ƙarshen wata ke zuwa musu a kan lokaci.

Gida na biyu ɗakin yana da faɗi, ga taga har biyu. Ta ɗaga kai, sai ta ga sama da shirwa tana shawagi.

"Rufin fa?"

"Da kin shiga za a rufa," in ji mai gidan. "Kuma yanzu ai zafi ake, mutane ma a waje suke kwana."

Na uku, akuya ce ta fito daga ciki ta bi ta tsakanin ƙafafun Umara. Na huɗu an ba wani tun da safe. Rana ta take, suka sha ruwa a bakin wani masallaci, ta yi azahar a gefe, suka ci gaba.

Gida na biyar na wata mata ne, Sa'adatu mai tuwon sayarwa, wadda ba ta iya ɓoye magana ba. Ɗakin ya yi, kuɗin ma ya yi. Ta riƙe muciya tana kallon Yabawa.

"Iya, ke kaɗai za ki zauna?"

"Ni kaɗai."

"Kada ki ji haushi. In kika kwanta wata rana ba ki tashi ba, ɗakin nan sai ya shekara ba mai shiga. Ba ki da ɗa ne?"

"Ina da shi."

"Yana raye?"

"Yana nan garin."

"Yana garin nan, kina yawo a rana kina neman haya? Wane irin ɗa ne wannan?"

Yabawa ta gyara mayafi. "Hidima ce ta yi masa yawa. Yaron kirki ne, ba ya wuce ni bai gaishe ni ba."

Suka fito. Ta zauna a kan wani dutse a bakin hanya, ta daɗe tana murza gwiwa. Umara ya jingine moto, ya cire hula yana fifita. Tausayinta ya kama shi, ga kuma la'adarsa da yake gani tana narkewa a rana.

"Saura ɗaya, Hajiya. Ya ɗan fi ƙarfin abin da kika faɗa, amma mai gidan mutumina ne, zan taɓa shi. Wani mushe ne ya tashi. Shuɗin fenti, kuran, har da gadon ƙarfe na da, irin wanda ba a yi yanzu."

Hannunta ya tsaya a kan gwiwar. "Mai ƙwallaye huɗu?"

"Kin san irinsa ke nan. Kuma gidan da tsohuwa a ciki, kyauta. Ta tsare miki kaya, ta duba miki tukunya."

"Ba a biyanta?"

"Wa zai biya ta? Ai cikin gidan take."

Yabawa ta gyaɗa kai. Sannan ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Mu je in ga wannan tsohuwa."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shawo kwanar gidan. A ƙofa fada ta cika kamar kullum. Burahima na kan benci da abokansa, ana dafa shayi, tsohon maƙwabcinsu Malam Audu na gefe a kan buzu da casbi. Tun daga nesa Umara ya ɗaga murya irin ta mai kawo albishir.

"Maigida, na kawo maka 'yar haya. Ba yara, ba miji, ba rediyo."

Burahima ya ɗago da murmushi. Murmushin ya tsaya a inda yake.

Umara bai lura ba, ya riga ya shige zaure yana karkaɗa makulli, Yabawa na biye. Mutanen fada suka dubi juna, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a bakin zaure. Ya buɗe shuɗin ɗaki.

"Ga ɗaki. Ga gado. Ga rumfa, ga famfo, ga makewayi can, ga inuwar bedi. Ga kuma…" Ya juya da makulli wajen gindin bedi. Ba kowa, sai tabarma rabin saƙa da kwanon kaba. "Ta ɗan fita ne."

"Ka ce ba ta zuwa ko'ina."

"Wallahi yau ne farko."

"Tana da 'ya'ya, tsohuwar?"

"Anya. Da tana da su ai da ba a ɗakin dusa take kwana ba."

Wani daga cikin 'yan fada ya yi tari. Hamsatu ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tsaya. Madam Nasira ta ɗaga labule.

Yabawa ta shiga ɗakin, ta danna katifa da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa bango, ta dubi rufi kamar mai neman gara. Ta fito ta tsaya a rumfa, ta dubi ɗanta da ke tsakar gida kamar an dasa shi.

"Malam Burahima," ta ce, "nawa ne ɗakin naka?"

Ludayin Hamsatu ya faɗi. Malam Audu ya daina jan casbi. Shekara arba'in da biyu yana maƙwabtaka da gidan nan, bai taɓa jin sunan nan a bakin nan ba. Umara ya dubi wannan, ya dubi wancan, a hankali ya sauke hannun da ke riƙe da makulli.

"Inna," in ji Burahima. "Inna, don Allah. Ɗakinki ne. Ki shiga kawai, a bar maganar."

"A'a. Lokacin da yake ɗakina sau uku ana tashina, na huɗun gobe ne da mota. Yanzu na haya nake so. Da takarda irin ta mushe, mai wata ukun nan."

"Inna, mutane na kallo."

"Ɗan haya ai a gaban shaidu ake ciniki da shi. Ɗan nan, kana da irin takardar?"

Umara ya dubi ƙasa. "Akwai… akwai a jakar moto, Iya. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Ba ka duba ba ne. Ɗauko."

Burahima ya juya wajen Malam Audu, yana neman wanda zai raba. Tsohon ya gyara zaman hularsa. "Rubuta mata," ya ce. "Ni ne shaida. Da ni aka ɗora azarar farko a ɗakin nan."

A kan gwiwarsa Umara ya cike takardar. Da ya zo wurin kuɗi ya ɗaga kai, sai Yabawa ta faɗi abin da tabarma za ta iya, aka rubuta. Ta dangwala yatsa. Burahima ya sa hannu. Ta kwance ƙullinta ta miƙa masa na wata, ya ƙi karɓa, ta ajiye a kan gwiwarsa. Ta ba Umara la'adarsa, ya ce ya yafe, ta ce bai tura moto wuni guda a banza ba.

Sannan ta je gindin bedi ta sauko da makullai, ta bi ƙofa ƙofa.

"Madam, ga naki. Amarya, ga naki. Daga yau 'yar haya ce ni kamar ku. In kuna neman tsohuwar da aka yi muku alkawari, ga mai gida nan, ku tambaye shi. Randa kuma a wanke mini ita."

Kafin magariba Hamsatu ta kwaso kwallaye ta jera su da kanta, ba wanda ya sa ta. Yabawa ta hau gadon Malam Idirisa, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta miƙe ɗayar, gwiwoyin suka yi ƙara kamar ana karya kara.

"Antire-kushen gaskiya na nan tafe," ta ce wa Hamsatu. "Mai shi ba ya karɓar haya, ba ya kuma ba da wa'adi. Kafin nan dai bari in miƙe."

Da safe mai motar Gidigir ya yi ta oda a ƙofar gida, ya gaji ya tafi.

Labarin ya zaga unguwar bayan tasha, aka yi ta dariya a fada da bakin famfo. Wasu suka ce tsohuwar ta cika wayo, wasu suka ce ta tona wa ɗanta asiri, abin da uwa ba ta yi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi baƙon da ya sauka jiya da jaka yake da wata uku, wadda ta haifi mai gidan kuma take da jibi.

Yanzu duk ƙarshen wata Burahima kan zo ya tsuguna a bakin rumfa. Gaisuwarsa ta gajarce. Takan amsa da fara'a, ta tambayi kasuwa, ta miƙa masa kuɗinsa a naɗe cikin ganyen kaba, ta ce, "Ga shi, Malam Burahima." Ya sha roƙonta ta bar kuɗin. Abin da bai iya roƙa ba shi ne ɗaya sunan, kuma tun ranar bai ƙara jinsa ba.

Ran nan da hantsi Husseina ta shigo, ba ta zo da kaskon wuta ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta yi zancen zafi, ta yi zancen tsadar gero, ta ɗauki kaba ɗaya tana tsagawa. Can ta matso, ta rage murya.

"Yaron nan nawa ya sayo shuɗin fenti jiya. Wai gara ta ci mini azara." Ta dubi ƙofa, ta dubi Yabawa. "Takardar nan taki, a ina ake samunta?"